Had-disk Ya Fara Ciwo: Yadda Ake Ceto Abin da ke Ciki Kafin Ya Mutu

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan fitowa sun zo ne a kan faifan ajiya na kwamfuta, wanda masu gyara ke kira had-disk. Mun zaɓi bakwai daga Katsina da Daura da kewaye. Abu guda ne muke so mai karatu ya riƙe kafin ya shiga amsoshin: faifan da ya fara lalacewa ƙarfinsa ƙidayayye ne, duk kunnawar da aka yi masa an rage wani abu daga ciki. Don haka ba a ɓata wannan ɗan ƙarfi wajen gwaji ko gyara, kwafe abin da ke ciki ake fara yi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe. Ina cikin rubuta babi na huɗu na furojet ɗina sai laftof ta yi shuɗin allo ta mutu. Da na sake kunnawa sai ta rubuto "No bootable device". Mai gyara ya ce sai an sa sabon Windows. Ba ni da kwafin aikin a ko'ina. In bari ya sa? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki bari ya sa, ki karɓo laftof ɗinki yau. Sabon Windows yana cin fiye da gigabait 20, kuma idan aka yi fomatin kafin a ɗora shi, zai iya zama a daidai wurin da furojet ɗinki yake kwance. Abin da aka rubuta wani abu a kansa ya tafi ke nan, babu manhajar da ke dawo da shi.

Wannan rubutu da kika gani bai tabbatar da cewa faifan ya mutu ba. Abin da yake nufi kawai shi ne kwamfutar ba ta sami inda za ta tashi ba. Yana iya yiwuwa fayilolin tayar da Windows ne suka lalace, ko faifan ya ɗan zame daga mazauninsa, ko kuma da gaske ya fara ciwo. Ana gane wanne ne ta hanyar ciro shi a gwada a wata kwamfuta.

A kashe laftof, a zare caja, a cire batir ko a zare wayarsa daga ciki, sannan a kwance faifan. Idan mai faɗin inci 2.5 ne mai bakin SATA, kamar yadda yake a yawancin laftof na hannu da ake sayarwa a nan, ana sa shi a kesin na USB a jona a wata kwamfuta mai lafiya. Idan siriri ne kamar ɗan ƙaramin rula, to M.2 ne, kesin ɗinsa daban, kuma shi ma iri biyu ne, SATA da NVMe, sai a duba rubutun jikinsa kafin a sayi kesin.

Da an jona, a kasa kunne. Had-disk mai juyawa (ban da irin M.2, da ba ya sauti) idan lafiyarsa lau yana tashi da ɗan sauti mai laushi, ya ɗan yi motsi na daƙiƙa biyu zuwa uku, ya daidaita. Idan aka ji yana ƙwas-ƙwas a jere, ko yana ɗan kuka kamar na sauro bai juya ba, a zare shi nan take, a karanta amsar tambaya ta biyu. Idan ya tashi lafiya, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Tana karanta rahoton lafiyar da faifan ke rubuta wa kansa, wanda ake kira SMART. Layuka uku za a duba: 05, wato yawan sektocin (ƙananan guraben ajiya) da suka mutu aka maye gurbinsu, C5, sektocin da faifan ya kasa karantawa yana jiran hukunci a kansu, da C6, waɗanda ya riga ya fitar da rai. Idan duka sifili ne, a shiga foldar Users, a kwafe furojet ɗin tun farko, sannan sauran kaya. Idan akwai lamba a C5 ko C6, a kwafi furojet ɗin kaɗai tun da ƙarami ne, sauran kuma a bi hanyar da muka bayyana a tambaya ta uku.

Rahoton da ya ce lafiya ba shaidar lafiya ba ne ɗari bisa ɗari. A binciken da Google ya fitar a 2007 a kan faifai fiye da 100,000, kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Amma waɗanda suka nuna kuskuren karatu ko sau ɗaya, yiwuwar mutuwarsu cikin kwana 60 ta ninka ta sauran sau 39. Wato idan ya yi gargaɗi a yarda da shi, idan ya yi shiru kada a saki jiki.

Sai wani abu: idan kwamfutar ta nemi mabuɗin BitLocker, wato tsarin da Windows ke kulle faifai da shi, lambobi 48 ne, kuma galibi suna ajiye a asusunki na Microsoft da kika shiga laftof ɗin da shi. Ki shiga asusun ta waya ki kwafo su. In babu wannan mabuɗi, ko ƙwararru ba za su iya buɗe faifan ba.

TAMBAYA: Ni mai ɗaukar hoto ne na biki da suna. Had-disk ɗina na waje ya faɗo daga kan tebur yana cikin aiki. Yanzu in na jona sai ya yi ƙwas-ƙwas kamar sau goma ya yi shiru. Hotunan bukukuwa uku na ciki, ban ba masu su ba. Wani abokina ya ce in sa shi a firiza ya kwana. Daga wani mai hoto, Daura.

AMSA: Malam, Allah Ya sa a dace. Kada ka sa shi a firiza, kuma kada ka ƙara jona shi ko sau ɗaya.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Akwai faranti ɗaya ko biyu masu santsi kamar madubi, suna juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a kowace daƙiƙa. A samansu akwai allurar karatu, ba ta taɓa farantin, iskar juyawar ce ke ɗauke da ita a tazarar 'yan nanomita kaɗan. Kaurin gashin mutum ya kai nanomita dubun-dubata, ka ga ke nan tazarar ba a ma maganarta. Da faifan ya faɗi yana juyawa, allurar ta daki farantin. Ƙarar da kake ji hannun allurar ne ke fita neman alamomin hanya da ke kan faranti, ya rasa, ya koma ya bugi madogararsa, ya sake fita. Idan allurar ta lanƙwashe, duk fitar da ta yi tana kankare fatar maganaɗisun da hotunanka ke rubuce a kai. Garin da ta kankaro kuma yana yawo a ciki yana ƙara ƙarce sauran wurare. Jonawa goma na "bari in sake gwadawa" tana iya mayar da aikin da zai yiwu ya koma wanda ba zai yiwu ba.

Maganar firiza tsohuwar dabara ce daga zamanin wasu tsofaffin faifai. Yawancin had-disk suna da ɗan ramin shaƙar iska mai matata, don haka da ka fito da shi daga sanyi zuwa zafin Daura, raɓa za ta kwanta a kan farantin da kuma fanel ɗinsa, wato allon lantarkin da ke jikinsa. Haka nan bubbuga shi, ko kwance murfinsa a shago don a leƙa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba, balle ƙurar hunturu.

Wannan aikin na masu ɗakin da aka tace iskarsa ne. Suna nemo wani faifai irinsa sak, su ciro allurarsa su dasa a naka, su yi amfani da na'ura irin PC-3000 su kwafe abin da ya samu. Irin waɗannan wurare sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma kuɗin aikin yakan ninka kuɗin sabon faifai. Kafin ka ba kowa, ka tambaye shi abu uku: shin yana canza allura da kansa ko aikawa yake yi, shin zai nuna maka jerin fayilolin da ya samo kafin ka biya, kuma nawa za ka biya idan ba a samu komai ba. Wanda ya ce zai "gwada da sofwaya" ka karɓi kayanka, domin manhaja ba ta gyara ƙarfen da ya lanƙwashe. Wajen aikawa, a naɗe shi da soso mai kauri ta kowane gefe a sa a kwali, kada a jefa shi a ambulan a ba direba.

Kafin nan, duba katin kyamararka. Idan ba ka cika shi da sababbin hotuna ba tun bayan bukukuwan, ka daina ɗauka da shi, ka bi ta kansa da PhotoRec, manhajar ceto fayilolin da aka goge. Sau da yawa hotunan da aka goge daga kati suna nan kwance, kuma wannan ba zai ci maka ko sisi ba.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu da cike fom. Faifan kwamfutar shagon mai terabait 1 ne. Kwamfuta tana ganinsa, foldoji suna buɗewa, amma in na fara kwafi sai ya tsaya cak, wani lokaci ya rubuto "cyclic redundancy check". CrystalDiskInfo ta nuna Caution. Yaya zan kwashe aikin shekara shida? Daga wani mai shago, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Alhaji, naka ne irin matsalar da mutum zai iya magancewa da kansa idan ya yi haƙuri ya bi tsari, don haka za mu ɗan tsawaita.

Faifai yana ajiye bayanai ne a ƙananan gurabe da ake kira sekta, kowanne bait 512, ko 4,096 a sababbin faifai. Wasu daga cikin naka sun raunana. Idan Windows ya iso kan raunanniyar sekta, faifan zai yi ta maimaita karatu, shi ma Windows ya sake tura shi, su maƙale a wuri guda. Ana nan ana wahalar da allura a kan wuri mafi muni, alhali kashi mafi yawa na faifan lafiya lau yake, ba a ko taɓa shi ba. Dabara ita ce a juya tsarin: a fara kwashe mai sauƙi, a bar mai wuya zuwa ƙarshe. Manhajar da ke yin haka ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, kyauta ce, a kan Linux take aiki. Ba fayil-fayil take kwafa ba, faifan take ɗauka ɗungurungum daga sektar farko zuwa ta ƙarshe ta zuba a fayil guda.

Kayan da za ka tanada: filash mai gigabait 4 ko fiye, sabon faifai mai terabait 2, da wutar da ba za ta yanke ba. Mun ce terabait 2 domin kwafin zai kai girman faifan gaba ɗaya ko da rabinsa ne ke da kaya, kuma faifai mai terabait 1 ba zai ɗauki kwafin ɗan'uwansa a matsayin fayil ba. Sabon ya kasance a tsarin NTFS, kada ya zama FAT32, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. A wata kwamfuta daban, ka sauko da SystemRescue, wani nau'in Linux na aikin ceto, ka ɗora shi a filash da manhajar Rufus. Mun zaɓi SystemRescue ne saboda ddrescue na ciki tun asali, kuma ba ya buɗe faifai da kansa sai an umarce shi.

Ka jona mara lafiyan kai tsaye da wayar SATA a cikin kwamfutar tebur. Kesin na USB yakan rikice idan faifai ya yi jinkirin amsawa, sai ya yanke hulɗa gaba ɗaya. Ka tayar da kwamfutar daga filash, ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Za ka ga faifan da sunaye irin sda, sdb, sdc. A nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa, don haka ka gwada lambar da ke allo da wadda ke rubuce a jikin kowane faifai, ka rubuta a takarda wanne ne mara lafiya, wanne ne sabo. Sunayen suna iya canzawa duk lokacin da aka sake kunna kwamfuta, sai an sake dubawa. A misalinmu sdb ne mara lafiya, sdc ne sabo. Ka buɗe sabon kaɗai:

mount /dev/sdc1 /mnt

Sannan zagaye na farko:

ddrescue -d -n /dev/sdb /mnt/kwafi.img /mnt/taswira.map

Harafin d yana sa a karanta faifan kai tsaye, n kuma yana hana tsayawa kankarar wuraren da suka lalace. Fayil na ƙarshe, wanda muka sa wa suna taswira, shi ne ran aikin. A ciki ddrescue ke rubuta inda ta karanta, inda ta tsallake, da inda ta kasa. Idan wuta ta ɗauke, ko ka tsayar da aikin da Ctrl da C, kana sake rubuta umarnin za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wanda ya manta da taswira, duk tsayawa sai ya koma farko, kuma faifai mara lafiya ba shi da ƙarfin zagaye biyu na banza.

Faifai mai terabait 1 da ke karatu a megabait 100 cikin daƙiƙa yana ƙarewa cikin kusan awa uku. Mara lafiya yana iya cin kwana biyu ko mako. Saboda haka a ɗora kwamfutar a kan inbata ko sola, ko aƙalla UPS da zai ba ka damar tsayar da aikin da hannunka kafin a canza zuwa janareto. A buɗe murfin kwamfutar a sa fanka tana hura faifan. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, gara a yi aikin da dare. Yawancin faifai iyakar zafin da aka yarda su yi aiki a ciki digiri 55 zuwa 60 ne, kuma mara lafiya yana fara kuskure tun kafin nan.

Idan zagayen farko ya ƙare, ka duba layin da ke nuna kashi nawa aka ceto. Sai zagaye na biyu, wanda zai koma kan wuraren da aka tsallake ya gwada kowanne har sau uku:

ddrescue -d -r3 /dev/sdb /mnt/kwafi.img /mnt/taswira.map

Ƙara -R yana sa ta karanto daga baya zuwa gaba, wani lokaci hakan na fitar da abin da ya ƙi fita. Amma a san lokacin tsayawa. Idan awa da yawa sun wuce lambar ba ta motsa ba, an sami abin da za a samu. Idan kuma faifan ya fara ƙwas-ƙwas, ko yana ɓacewa daga kwamfuta, ko gudunsa ya faɗi warwas a wurare masu tazara iri ɗaya, alama ce ɗaya daga allurorin na mutuwa. A kashe, a kai wa ƙwararru tare da kwafin da taswirar, za su ɗora daga nan.

Kashi 99.9 cikin ɗari sakamako ne mai kyau, sai dai a tuna a faifai mai terabait 1, ɗan abin da ya rage ɗin gigabait 1 ne cur. Wasu fayiloli za su fito da rauni, musamman manyan bidiyo. Daga nan a ajiye mara lafiyan a gefe, duk sauran aiki a kan kwafi.img za a yi shi.

TAMBAYA: Had-disk ɗina na waje in na jona sai Windows ya ce sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi. Na ga ana cewa a yi masa CHKDSK. Daga wani malamin makaranta, Dutsin-Ma.

AMSA: Malam, kada ka danna fomatin, kuma ka dakata da CHKDSK.

Abin da ya faru shi ne Windows ya kasa karanta fihirisar faifan. A tsarin NTFS akwai wani babban kundi mai suna MFT, inda aka rubuta sunan kowane fayil da wurin da yake. Idan farkon fatishan, wato kason faifan da fayiloli ke ciki, ko wani yanki na wannan kundi ya lalace, sai faifan ya bayyana a matsayin RAW, wato marar tsari, alhali kayan suna nan. Zare faifai ana cikin rubutu na jawo haka, ɗaukewar wuta ma haka, sannan lalatattun sektoci.

CHKDSK aikinsa daidaita fihirisa ne, ba ceton kayanka ba. Duk abin da ya ga bai dace da lissafinsa ba yana iya yanke shi, ko ya tara gutsattsarinsa a foldar found.000 da sunaye marasa ma'ana, kuma kai tsaye yake rubutawa a kan faifan, babu komawa baya. Idan aka haɗa masa da /r kuwa, sai ya bi kowace sekta ɗaya bayan ɗaya, wanda ga faifai mai ciwo wahala ce ta awoyi.

Ka fara canza wayar USB ɗin, ka jona a bayan kwamfuta maimakon gaba, domin ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, wasu faifan kuwa ƙarancin wuta kaɗai ke sa su rikice. In bai canza ba, duba SMART. Layin C7 idan yana hawa, yawanci waya ce ko mahaɗi, ba faranti ba. Idan 05, C5 ko C6 ne, sai ka yi kwafi da ddrescue tukuna.

A kan kwafin, fara da manhajar da ke karanta fihirisa, domin ita ke dawo da fayiloli da sunayensu da foldojinsu. TestDisk ta Christophe Grenier kyauta ce, tana nemo fatishan da ya ɓata, kuma NTFS na ajiye kwafin sektar farko a ƙarshen fatishan, wanda TestDisk ke iya amfani da shi. Idan ta nuna fatishan ɗin, danna P ka ga fayiloli, ka kwafe su zuwa wani faifai. DMDE ma tana da kyau ƙwarai, ta kyautar tana barin a ciro fayil har 4,000 daga folda guda a kowane karo. R-Studio ta kuɗi ce, amma tana nuna abin da ta gano kafin a saya. PhotoRec ita ce ta ƙarshe: ba ta kula da fihirisa, tana gane fayil ne ta alamar farkonsa, don haka za ta zubo maka dubban fayiloli da sunaye irin f0012345.jpg ba tsari. Ko wacce ka yi amfani da ita, kada ka ajiye abin da aka ceto a kan faifan da ake ceto daga gare shi, kuma ka buɗe fayiloli da dama ka tabbatar suna aiki, domin ganin suna ba ya nufin cikin lafiya yake.

TAMBAYA: Yarona ya jona cajar laftof a babban had-disk na waje mai amfani da wutar soket. Mun ji ƙauri, tun daga nan ko motsi ba ya yi. In na sayi irinsa na canza fanel zai tashi? Daga wani ɗan kasuwa, Mai'aduwa.

AMSA: Alhaji, akwai kyakkyawan fata a nan, domin galibi farantin bai san abin da ya faru ba. Babban faifai mai inci 3.5 bolt 12 yake sha, cajar laftof kuwa yawanci bolt 19 take bayarwa, kuma bakinsu kan yi kama.

A fara fitar da faifan daga kesin ɗinsa, wataƙila fanel ɗin kesin ne kawai ya ƙone. Idan faifan da kansa bai tashi ba, ko yana kashe kwamfutar da aka jona shi, a duba fanel ɗinsa kusa da bakin wuta. Akwai ƙananan diyod guda biyu na kariya da ake kira TVS, ɗaya na layin bolt 5, ɗaya na 12. An yi su ne don su mutu a madadin sauran kayan. Mai gyaran waya da ya iya mita zai auna su: wanda ya nuna kusan sifilin om ya haɗe, sai a cire shi, a kuma auna fis ɗin da ke kusa. Sau da yawa faifan na tashi bayan haka. Amma yanzu ba shi da kariya, don haka a jona shi da wuta mai kyau, a kwashe kaya, a yi ritayarsa.

Canza fanel kai tsaye ba ya aiki a faifan zamani. Kowane faifai yana da bayanan saitin allurarsa na kansa da aka rubuta a masana'anta, suna cikin wani ɗan cif mai ƙafa takwas a kan fanel, ko a cikin babban cif ɗin. Sai an sami fanel mai lamba iri ɗaya, an kuma ɗauke wannan ɗan cif daga tsohon an dasa a sabon. Kada a yar da tsohon fanel ko da ya ƙone ƙurmus. Haka kuma kada a yar da fanel ɗin kesin, domin wasu samfuran WD My Book suna kulle bayanai ta cikinsa, in babu shi faifan zai bayyana kamar babu komai a ciki.

TAMBAYA: An riga an yi wa laftof ɗina fomatin an sa sabon Windows. Akwai sauran dabara? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Katsina.

AMSA: Hajiya, ki daina amfani da ita yanzu, domin ko shiga intanet rubutu ne a kan faifai. Ki fara duba ko akwai foldar Windows.old a C. Idan mai gyaran bai goge fatishan ba, kayanki na ciki, amma Windows kan share ta da kansa bayan kwana 10. Idan babu, a ciro faifan a bincika shi daga wata kwamfuta da DMDE ko PhotoRec. Fomatin na gaggawa fihirisa kawai yake sabuntawa, don haka abin da sabon Windows bai hau kansa ba yana iya fitowa. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a ko'ina.

Wannan duk idan had-disk ne mai faranti. Idan SSD ne, wato faifai marar faranti, akwai umarnin TRIM da ke sanar da shi wuraren da aka goge, shi kuma ya share su cikin ɗan lokaci. A nan fatan kaɗan ne, gara ki duba imel, WhatsApp, Google Drive da filasan da kika taɓa tura aikin.

TAMBAYA: Na ceto kayana. In na yi wa tsohon faifan fomatin, zan iya ci gaba da amfani da shi? Daga wani ɗalibi, Daura.

AMSA: Ɗan'uwa, ya danganta da abin da ya same shi. Idan fihirisa ce kawai ta rikice saboda ɗaukewar wuta, kuma 05, C5 da C6 duk sifili ne, yi masa cikakken fomatin, ka sake duba lambobin. In suna nan a sifili, ka ci gaba da amfani da shi. Idan kuwa akwai lamba a cikinsu, fomatin zai iya sa C5 ta koma sifili, amma ba warkewa ya yi ba, faifan ya ɗauko sektoci ne daga 'yan ajiyar da aka tanadar masa, za ka ga 05 ta hau. Irin wannan kada ka ɗora masa abin da ba ka da kwafinsa, kuma kada ka sayar wa wani a matsayin mai lafiya.

Ga kayan da ka ceto, ka yi musu kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje da ba ya zama a jone kullum, ɗaya kuma a wani wuri daban da gidan ko shagon. Asusun Google na ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardu da furojet. Idan za ka sayi faifai na hannu, ka jona shi a gaban mai shagon ka duba layin 09, wanda ke nuna awoyin da ya yi yana aiki: awa 8,760 shekara guda ce cur ba kashewa.